Asalin Kalmar “Familiar” da Abin da Ta Jawo wa Wata Tsohuwa

A wani taron farkawa da muka halarta bayan an gama girbi, mai wa'azin baƙo ne, da Turanci yake magana, wani saurayi kuma yana juya wa jama'a da Hausa. Yaron ya iya aikinsa, ba laifi, yana bin bakin mai wa'azi sawu da ƙafa. Can cikin wa'azin sai baƙon ya ɗaga murya, ya ce abin da yake hana waɗansu haihuwa, yake hana waɗansu aure da samun aiki, shi ne “familiar spirit”. Mai fassara ya yi jim kaɗan, sa'an nan ya ce, “aljanin iyali.” Jama'a suka amsa da Amin mai ƙarfi, aka ci gaba.

Ba a yi mako uku ba muka ji cewa wata matar aure, wadda ta yi ɓari sau biyu, ta daina cin abincin da ya fito daga tukunyar kakar mijinta. Tsohuwar nan tana cikin zumuntar mata tun ba a haifi mai fassarar ba. Yanzu ita kaɗai take zama a bencin baya ranar Lahadi, jikokin da suka saba hawa cinyarta an hana su zuwa kusa da ita. Ba wanda ya fito fili ya kira ta mayya, amma kowa ya san abin da ake nufi.

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu bi sawun kalmar nan, mu ga inda ta fito da yadda aka yi ta shiga Littafi Mai Tsarki na Turanci. Muna roƙon masu karatu su yi haƙuri da mu, gama tafiyar za ta kai mu Roma da Ingila kafin mu komo gida.

A Turancin yau da kullum kalmar ba ta da wani abin tsoro. Idan Bature ya ce fuskarka “familiar” ce gare shi, yana nufin ya taɓa ganinka, ba baƙuwar fuska ba ce. Idan ya ce shi “familiar” ne da wata hanya ko wani aiki, wato ya san shi ciki da waje, ya saba da shi. Akwai kuma ma'ana ta uku mai ɗan ɗaci: idan aka ce yaro ya cika zama “familiar” da na gaba da shi, ana nufin sabo ya kai shi ga wuce gona da iri. Mu ma muna da wannan, shi ya sa ake tambayar ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Mutanen Nazarat sun san Yesu, sun san uwarsa da 'yan'uwansa da sana'arsa ta sassaƙa, sanin nan kuwa shi ya zama musu abin tuntuɓe, kamar yadda Markus ya nuna a sura 6. Duk waɗannan ma'anoni kalmarmu ta “sabo” ta ɗauke su. (Mu yi hattara dai wajen rubutu, don ɗan lanƙwasa ɗaya ne ya raba sabo da saɓo, na'urorin buga rubutu na dā kuwa ba su da shi.)

Gidan Baroma

Kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 14. Ta hanyar Faransanci ta shigo, kamar dubban kalmomi da suka kwarara cikin harshen bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Faransanci kuwa daga Latin ya gaje ta, inda ake cewa “familiaris”, wato abin da yake na gida. Ita wannan daga “familia” ta fito, ita kuma “familia” daga “famulus”. Ma'anar “famulus” kuwa bara, ko bawa.

A nan ne abin yake ba mutane mamaki. Ga Baroma, “familia” ba ta tsaya ga miji da mata da 'ya'yansu ba. Duk wanda yake ƙarƙashin ikon maigida yana ciki, sau da yawa ma idan an faɗi kalmar bayin gidan kawai ake nufi. Attajirin Roma yakan kasance da “familia” biyu, ta birni masu yi masa hidima a gida, da ta ƙauye masu noma masa gona. Wanda ya san yadda gandu yake a ƙasar Hausa a zamanin dā, da maigida da ƙannensa da 'ya'yansa da barori da cucanawa duk suna ci daga rumbu ɗaya, ba zai sha wuyar gane wannan ba. Kalmarmu ta “iyali” ma haka take. Daga Larabci muka aro ta, asalinta kuwa waɗanda ciyarwarsu take wuyan mutum, ko jininsa ne ko ba jininsa ba.

Sa'ad da Jerom ya shirya Littafi Mai Tsarki na Latin, wajen shekara ta 400, kalmar “familia” ce ta zauna a Matiyu 24:45 da Luka 12:42, inda Ubangiji ya ba da misalin amintaccen bawa da maigida ya ɗora a kan sauran barori don ya riƙa ba su abinci a kan kari. Ba 'ya'yan maigida aka ba shi riƙo ba, 'yan'uwansa ma'aikata ne. Ko a Turanci kalmar “family” da wannan ma'ana ta fara a ƙarni na 15, kuma ta daɗe a haka. Wani ma'aikacin gwamnati a Landan mai suna Samuel Pepys, da ya fara rubuta labarin kwanakinsa a 1660, ya ƙidaya mutum uku a “family” ɗinsa: shi, da matarsa, da yarinyar da take musu aiki.

To, yaya aka yi daga bara aka kai ga aboki? Hanyar gajeriya ce. Wanda kuke kwana gida ɗaya, yake shiga ɗakinka ba sallama, ya san lokacin da kake fushi da abin da kake ci, shi ne ya san ka. Saboda haka tun a Latin “familiaris” ta ɗauki ma'anar amini na kusa. Wasiƙun da Sisero, mashahurin lauyan Roma da aka kashe a shekara ta 43 kafin haihuwar Almasihu, ya yi musaya da abokansa an tara su littafi 16, daga baya masu buga littattafai suka raɗa musu suna da wannan kalma, wato wasiƙu zuwa ga aminai.

Ikkilisiya ma ta yi amfani da ita. A gidajen sufaye na Turai akwai mutanen da ba su ɗauki alkawarin sufanci ba amma suna zaune a ciki suna hidima, da wannan suna ake kiransu. Kotun binciken bidi'a ta Sifen, wadda aka kafa a 1478, tana da 'yan taimako daga cikin jama'ar gari masu kai rahoto da kama mutane, su ma sunansu ke nan, domin ana ɗaukarsu barorin gidan kotun. Geoffrey Chaucer kuwa, a cikin labaransa na matafiya zuwa Canterbury da ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 14, ya yi amfani da kalmar wajen yi wa wani mai wa'azin yawo ba'a. Ya ce mutumin ya saba ƙwarai da masu gonaki da manyan matan gari, ya kuma san masu gidajen giya fiye da yadda ya san kutare da mabarata. Shekara 600 ke nan da rubuta wannan, amma mun tabbata waɗansu masu karatu sun riga sun tuna da wani.

Kyanwa mai suna Shaiɗan

A ƙarni na 16 kalmar ta sami wata sabuwar riga a Ingila. Mutanen ƙauyukan ƙasar a lokacin sun gaskata cewa mai sihiri yana da wani ruhu da yake yi masa aiki, mai zuwa da siffar kyanwa, ko kare, ko kwaɗo, ko ɓera. Yana ciyar da shi, yana aikensa, shi kuma yana dawowa da rahoto. Tun da yake bara ne na gida, sai suka kira shi “familiar spirit”, wato ruhu mai hidima. Ma'anar Latin ta farko ce ta dawo.

A 1566 aka yi wata shari'a a garin Chelmsford wadda aka buga labarinta aka sayar. Wata mata mai suna Elizabeth Francis ta ce kakarta ce ta ba ta wata kyanwa mai dabbare-dabbare da ake kira Shaiɗan, tana ba ta gurasa da madara, da ɗigon jininta in ta yi mata aiki. Ta ce daga baya ta ba wata mata, Agnes Waterhouse, kyanwar a bakin ɗan wainar zaƙi. Aka rataye Agnes a shekarar nan. Mai karatu ya lura da yadda suka ɗauki abin: kamar bawa ko akuya, ana bayarwa, ana musaya. Ko a cikin wannan camfi nasu, ba abu ne da yake bin jini ya kama mutum bai sani ba.

Sarki James, wanda Littafi Mai Tsarki na 1611 yake ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi a kan aljannu da masu sihiri a 1597. A 1604, bayan ya hau gadon Ingila, majalisa ta yi doka cewa duk wanda ya nemi shawarar mugun ruhu, ko ya yi alkawari da shi, ko ya ciyar da shi, hukuncinsa kisa ne. Abin da dokar nan ta haifar ya kai maƙura a 1645, lokacin yaƙin basasar ƙasar, da wani saurayi mai suna Matthew Hopkins ya naɗa kansa babban mai farautar masu sihiri, yana bin garuruwan gabashin Ingila ana biyansa. Dabararsa ita ce a zaunar da wanda ake zargi a hana shi barci dare da rana, ana jiran a ga ruhun ya zo neman abinci. Ƙuda ko gizo-gizo ya shigo ɗakin, ya isa shaida.

Cikin waɗanda suka faɗa hannunsa akwai fasto. John Lowes ya yi kusan shekara 50 yana riƙe da ikkilisiyar ƙauyen Brandeston, ya kai wajen shekara 80 da haihuwa, kuma ya daɗe ba ya ga maciji da waɗansu daga cikin jama'arsa. Aka hana shi barci kwana da kwanaki, ana kama shi ana gudu da shi a ɗaki har numfashinsa ya ɗauke, aka kuma jefa shi a ruwa. Daga ƙarshe ya amsa cewa yana da ruhohi masu yi masa aiki, har ya ce ya aiki ɗaya ya nutsar da jirgin ruwa. Da ya dawo cikin hankalinsa ya janye maganar, ba wanda ya saurare shi. A watan Agusta na 1645 aka rataye shi a Bury St Edmunds, su 18 a rana ɗaya. Da yake an hana wani fasto ya yi masa addu'ar jana'iza, shi ya karanta wa kansa. Masu zuwa sujada ne suka yi wannan, da Littafi Mai Tsarki a hannunsu. Sai a 1735 majalisar ƙasar ta soke dokokin kashe mutane saboda sihiri.

Matar En-dor

Yanzu mu koma ga Nassi, gama can ne maganar take da nauyi a gare mu.

Annabawa ba su yi Turanci ba. Kalmar Ibrananci da take bayan “familiar spirit” ita ce “ob”, tana kuma fitowa a wurare kamar Littafin Firistoci 19:31 da 20:27, da Maimaitawar Shari'a 18:11, da 2 Sarakuna 21:6 inda Manassa ya yi sha'ani da masu ita, da 23:24 inda Yosiya ya kawar da su, da Ishaya 8:19. Masana sun kasu a kan tushenta. Waɗansu sun haɗa ta da wata kalma ta maƙwabtan Isra'ila mai nufin ramin da ake haƙawa don kiran matattu. Waɗansu sun haɗa ta da “ab”, wato uba, suna cewa kurwar kakanni ake nufi. Waɗansu kuma sun lura cewa a Ayuba 32:19 kalma mai siffa iri ɗaya tana nufin salka, suka ce muryar da take fitowa kamar daga cikin salka ce ta jawo sunan. Yahudawan da suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, tun kafin haihuwar Almasihu, sun sa kalma mai nufin mai magana daga ciki. Ishaya 29:4 ma ya kwatanta muryar da shewa ƙasa-ƙasa mai tasowa daga ƙura.

Ko wanne daga cikin waɗannan ne daidai, aikin da ake yi da ita a fili yake: kiran matattu don a tambaye su abin da yake ɓoye. Labarin da ya fi nuna wannan yana 1 Sama'ila 28. Sama'ila ya rasu, Filistiyawa sun kafa sansani a Shunem, Isra'ilawa suna Gilbowa, Saul ya nemi Ubangiji bai sami amsa ba, ko ta mafarki, ko ta Urim, ko ta bakin annabawa. Shi da kansa ne ya kori masu wannan sana'a daga ƙasar, amma tsoro ya sa ya ɓad da kama, ya ɗauki mutum biyu, ya tafi En-dor da dare. Ibrananci ya kira matar uwargijiyar “ob”, wato mai shi. Ita take da abin, sana'arta ce, mutanen sarki sun san inda take, ita ma ta san ranta yana cikin hatsari saboda dokar. Saul kuwa da ƙafarsa ya je, da bakinsa ya roƙa. Abin da 1 Tarihi 10:13 ya lissafta cikin laifofin da suka jawo mutuwarsa ke nan, cewa ya je neman shawara inda Allah ya hana.

Masu juyi na Ingila da suka zo kan wannan kalma sai suka ɗauki abin da mutanensu suka sani, ruhu mai yi wa maigidansa hidima. Akan ce Sarki James ne ya sa aka cusa kalmar don ta goyi bayan dokarsa, amma wannan zargi bai tsaya ba, gama juyin Jeniba na 1560 ya riga ya yi amfani da ita a labarin En-dor tun ba a haifi James ba. Juyin Turanci na baya-bayan nan, irin na 1952 da na 1978, sun ajiye ta, suka sa “medium”, wato mai shiga tsakanin rayayyu da matattu.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, namu masu juyin ba su bar mu a duhu ba. Wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, juyin 1979, zai tarar da “masu mabiya” a irin waɗannan wurare. Mabiya daga “bi” ta fito, wato masu bin mutum a baya kamar barori. Da wuya a sami fassarar da ta fi wannan dacewa da “famulus”. Kalmar tana cikin littafin da saurayin nan mai fassara yake riƙe da shi a hammata daren nan.

Ba mu ga laifinsa ƙwarai ba. Kunnensa ya ji “famili” a cikin kalmar, kuma gaskiya ne uwa ɗaya ta haifi kalmomin biyu. Sai dai abin da ya faɗa ya sauka a kan ƙasa da aka riga aka share. A al'adarmu ta dā an gaskata cewa maita gado ce, maye yana da ƙanƙara a cikinsa, yana kama kurwar mutane, sau da yawa ma na kusa da shi. Da jama'a suka ji “aljanin iyali” daga kan bagadi, sai tsohon tsoron nan ya sami rigar Nassi ya sa. Alhali kuwa matar En-dor ba ta ci kurwar kowa ba. Nassin bai ce ta gaji abin ba, bai ce ta sa wa danginta ciwo ba. Abin da ta yi wa Saul a ƙarshe ma, da ta ga ya faɗi ƙasa ba ƙarfi, shi ne ta yanka ɗan maraƙinta mai ƙiba, ta toya gurasa, ta lallashe shi ya ci. Sana'arta haramtacciya ce, ba mu wanke ta ba. Amma duk ayoyin nan gargaɗi ne ga mai zuwa neman duba da mai yin duban, ba mu kuwa ga ko ɗaya da ta ba jika izinin ƙin tuwon kakarsa ba.

Mun san akwai 'yan'uwa da za su kawo mana Fitowa 20:5, inda aka yi maganar alhakin iyaye a kan 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Ayar tana nan, ba mu share ta ba. Amma hukuncin Allah take magana a kai, a kan masu bautar gumaka, kalmar “ob” ba ta cikinta. Sai a karanta ta tare da Ezekiyel 18, inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba, da kuma Yahaya 9, inda almajirai suka so su san ko zunubin iyaye ne ya sa aka haifi mutum makaho, Ubangiji ya ƙi karɓar wannan lissafi nasu. Mu ƙara da cewa dokar ƙasar nan ma ta mai da kiran mutum maye laifi ne da ake hukuntawa a kotu, abin da yawancin masu nuna yatsa ba su sani ba.

Akwai wani wuri kuma da juyin 1611 ya yi amfani da “familiar”, wanda ba mu taɓa jin an ɗaga murya a kansa a taron farkawa ba. A Zabura 41:9 Dawuda ya yi kuka a kan amininsa, wanda ya amince da shi, wanda suke cin abinci tare, ga shi ya juya masa baya. Ibrananci ya kira shi mutumin salamata, Turawa suka ce “familiar friend”. Wannan aya ce Yesu ya ɗauko a Yahaya 13:18, a daren da ya tsoma gurasa ya miƙa wa Yahuza. Ayuba 19:14 da Irmiya 20:10 su ma suna da kalmar da wannan ma'ana, ta na kusa da suka yashe mutum a ranar wahala. Muna tsammani tsohuwar nan ta bencin baya, in da tana jin Turanci, wannan “familiar” ɗin ce za ta fi ganewa.

Dattawan ikkilisiyar sun sa ranar zama a kan maganar. Sun kira matar da mijinta, sun kuma shawarce su su je asibiti a duba dalilin ɓarin, abin da ba su taɓa yi ba. Sun aika a ɗauko tsohuwar a kan babur saboda ƙafarta. Saurayi mai fassara kuwa an ce ya zo da Littafi Mai Tsarki biyu, na Turanci da na Hausa, shi ne zai karanta 1 Sama'ila 28 a gaban kowa.